Yadda Ake Busar da Iskar Gas da Gilikol a Ƙasa Mai Zafi

Duk gas ɗin da ya fito daga rijiya jiƙaƙƙe ne, ko da idonka bai ga ɗigon ruwa ba. Ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa tare da ruwan gishiri, ya ɗauki tiriri iya cikinsa. Haka yake a rijiyoyin Doba da na Bongor inda yake fitowa tare da ɗanyen mai, haka a Sedigi ta Kanem, haka kuma a Bifaga kusa da Kiribi, inda ake gyara gas ɗin da tashar lantarkin Kiribi ke ƙonawa tun 2013.

Idan aka bar ruwan, yana taruwa a kwarin bututu ya rage hanya. Idan ya gamu da kabon dayoksaid ko iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, H2S, sai ya zama asid ya ci ƙarfe ta ciki. Sannan ga haidiret, wato ƙanƙarar da ruwa da gas ke haɗuwa su yi a ƙarƙashin matsi, wadda wani masani mai suna Hammerschmidt ya nuna tun 1934 cewa ita ce ke toshe bututan gas. Sabbin ma'aikata a nan sukan yi dariya idan aka ambaci ƙanƙara a Chadi. A matsin bar 70 (bar ma'aunin matsi ne) haidiret na iya kamawa a wajen digiri 15 zuwa 17 na Salsiyos, kuma daren hunturu a Njamena na sauka nan. Ko a watan Afrilu ma, gas na yin sanyi da kusan rabin digiri a kan kowane bar ɗaya da ya zubar a bawul. Ka sauke bar 40, ka rasa wajen digiri 20.

Hanyar da aka fi bi ita ce wanke gas da gilikol nau'in TEG, ruwa mai kauri da ke tsotsar tiriri, sannan a dafa shi ruwan ya fita, a sake mai da shi. Littattafan aikin galibi an rubuta su ne don ƙasashen da gas ke shigowa a digiri 30. Mu nan zafi ne babban abokin gabarmu, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tarar, da waɗanda za ka riƙe

Kafin komai, bi bututu da ƙafarka, zanen na'urar a hannu, har ka san kowane sashe. Akwai na'urar sanyaya gas mai fanka, da tankin rarrabewa da ke kama ruwa da mai kafin gas ya shiga. Akwai hasumiya, inda gas ke hawa daga ƙasa gilikol na saukowa daga sama ta kan farantai masu huluna, galibi 6 zuwa 8, ko ta cikin jerin ƙarafa masu lanƙwasa a sababbin na'urori. Jiƙaƙƙen gilikol na fita ta gindinta zuwa tankin sakin gas, ya bi ta filtar zare da filtar gawayi, ya ɗumama a na'urar musayar zafi, ya faɗa tukunya. A kan tukunyar akwai siririn bututun tiriri a tsaye. Daga nan busasshen gilikol ya sauka tankin ajiya, famfo ya mayar da shi saman hasumiya.

A hannunka kuma: na'urar gano gas ta rataye a ƙirji, safar hannu mai jure zafi, tabarau, ma'aunin zafi na hannu wanda aka tabbatar da ingancinsa, takardar auna pH (ma'aunin ƙarfin asid), kwalabe biyu masu haske da murfi, na'ura mai madubi ta auna raɓa (zafin da tiririn cikin gas ke fara zama ruwa) ko bututan gilashi masu sauya launi irin na Dräger, filtoci na ajiya, naitirojin, da littafin rubuta awo.

Gilikol kansa a duba gangarsa da kyau. Kada ka yarda da ganga da aka rubuta "glycol" kawai. DEG, wani nau'in gilikol, na lalacewa daga digiri 164, TEG kuwa sai wajen 206. Wanda ya zuba DEG ya dafa shi da wutar TEG ya ƙone shi tas. Ruwan lagireton mota ba ya cikin zancen ko kusa. Kayan nan ta Duwala suke shigowa, su biyo Ngawundare su nufi Mundu ko su hau Garwa da Marwa zuwa Kuseri, a damina kuwa hanya ba ta da tabbas, saboda haka a ajiye isasshe. Gangar da aka buɗe a rufe ta gam, domin tana shan laimar iska tun tana ajiye.

1. Yi lissafi kafin ka taɓa bawul

Abu uku kake nema: yawan gas a rana, matsinsa, da zafinsa a bakin hasumiya. Da su za ka karanta jadawalin McKetta da Wehe ka san ruwan da ke ciki. A bar 70 da digiri 38, kowace kubik mita na ɗauke da kusan giram ɗaya. A digiri 49, matsi bai sauya ba, ya kai wajen giram 1.7. Ka riƙe wannan a ka: ƙarin digiri 11 ko 12 na kusan ninka ruwan.

Abin da mai sayen gas ke nema yana cikin yarjejeniya. Ma'aunin da ya yaɗu daga Amurka shi ne nauyin fam 7 na ruwa a kubik ƙafa miliyan na gas, wato kusan miligiram 112 a kubik mita, wanda a bar 70 ya yi daidai da raɓa a wajen digiri 0.

Misali, gas kubik mita 500,000 a rana, ana so a cire giram 0.9 daga kowace ɗaya: kilo 450 na ruwa ke nan a rana, kusan kilo 19 a awa. Ana zagaya lita 15 zuwa 40 na TEG a kan kowane kilo na ruwa, 25 ne tsaka-tsaki. Famfonka zai tura wajen lita 470 a awa. Yi lissafin da zafin ƙarfe uku na rana a bazara. Wanda ya yi shi da zafin safiya zai ga na'urarsa lafiya lau har hantsi, ta gaza kafin la'asar.

2. Gyara abin da ke gaban hasumiya

Yawancin cututtukan gilikol daga nan suke shigowa. Zubar da ruwan tankin rarrabewa, ka gwada bawul ɗin da ke zubarwa da kansa ka ga yana buɗewa yana rufewa, ka tabbata ragar da ke samansa ba ta yage ba. Ruwan rijiya na da gishiri, gishiri kuma ba ya fita da dafuwa. Yana bin gilikol ya je ya daskare a jikin bututun wuta na tukunya, wurin ya yi jawur, wata rana ya huje.

Sai na'urar sanyaya gas. Haska tocila ta ƙarƙashin fukafukanta. Idan haske bai ratsa ba, ƙurar hunturu ta toshe su, a busa da iska ko a wanke daga sama zuwa ƙasa da ruwa marar ƙarfi don kada su lanƙwashe. Duba bel ɗin fanka.

3. Kore iska, zuba gilikol

Iskar da muke shaƙa ba ta da wuri a cikin na'urar: da gas tana iya fashewa, da gilikol mai zafi kuma tana mai da shi asid. Cika da naitirojin ka saki, ka maimaita har awo ya nuna oksijin ya sauka ƙasa da abin da dokar wurin aikinku ta yanke. Idan na'urar sabuwa ce ko an yi walda, a fara wanke ta, domin man shafawa da tsatsa su ne kumfar makon farko.

Zuba gilikol ta cikin filta har ya rufe bututun wuta ya malala tankin ajiya. Buɗe ɗan gas ɗin da ke rufe saman tankin ajiya don kada iska ta shiga.

4. Ɗora matsi, kunna famfo

Rufe mafitar gas, ka shigar da matsi cikin hasumiya ta ƙaramin bawul na gefe, a hankali. Idan famfonku irin na Kimray ne, wanda matsin hasumiya ke tuƙawa, ba zai motsa ba sai da wannan matsin. Na lantarki ma yana buƙatarsa, don matsin ne ke koro gilikol daga gindin hasumiya ya dawo.

Kunna famfo ka bar gilikol ya cika farantai ɗaya bayan ɗaya. Tankin ajiya zai ragu, ka ƙara masa. Jira har gilashin gindin hasumiya da na tankin sakin gas su nuna tsayi ya zauna. Tankin sakin gas a riƙe shi a bar 3 zuwa 5. Kada ka yarda da abin da allo ya ce game da gudun famfo. Ƙirga bugunsa a minti ɗaya da agogo, ka duba jadawalin kamfanin da ya ƙera shi.

5. Kunna wutar tukunya

Sai gilikol na zagayawa, bututun wuta kuma a nutse. Bar iska ta wanke ɗakin wuta tukuna, sannan ƙaramar wuta, sannan babba. Ragar da ke bakin shigar iska, mai hana wuta fitowa waje, ita ma ƙura na toshe ta; alamar ita ce harshen wuta ja mai hayaƙi maimakon shuɗi. Harshen ya miƙe tsakiyar bututu, kada ya lashi bango.

Ɗaga zafi sannu a hankali, kamar digiri 25 zuwa 30 a awa. Idan ka kai tsakanin 100 da 120 ka dakata, ka saurara. Za ka ji tukunya na gurnani, farin tiriri na fita a sama. Ruwan da ke ciki ne ke tafasa, idan ka matsa masa zai yi aman gilikol ta saman bututun tiriri. Kada kowa ya tsaya ta inda iska ke kai tiririn: yana ɗauke da sinadarin benzin, mai jawo cutar daji, da 'yan'uwansa. Gurnani ya lafa, ka ci gaba.

6. Buɗe gas

Sai tukunya ta kai zafinta kuma gilikol ya yi zagaye a haka. Gaggawa aikin Shaiɗan ce a wannan gaɓar: gas da ya shigo da ƙarfi na ɗage gilikol daga farantai ya watsa shi cikin bututun fita, wani lokaci har ya tumɓuke faranti. Buɗe kashi ɗaya cikin huɗu, idonka a kan bambancin matsi tsakanin gindi da saman hasumiya, ya zauna, ka ƙara. Gas ɗin farko bai bushe ba, kada a tura wa mai saye sai an auna.

7. Daidaita zafi a wurare huɗu

Nan ne aikin yake. Na farko, gas mai shiga. An fi so ya kasance tsakanin digiri 27 da 38, kuma daga 50 zuwa sama TEG na fara gazawa, yana kuma bin gas ya tafi a matsayin tiriri. To fanka ba ta iya sanyaya gas ƙasa da iskar da take jawowa. Galibi tana barinsa digiri 8 zuwa 10 sama da ita. Ranar da inuwa ta kai 43, gas ɗinka na shiga a 52. Ɓarnar biyu ce a lokaci guda: ruwan da za a cire ya ƙaru, gilikol kuma ƙarfin tsotsarsa ya ragu, ta yadda duk digirin da hasumiya ta ƙara, raɓar gas ɗin fita na hawa da kusan haka. Saboda haka digiri biyu da ka samu daga wanke fukafukai sun fi duk wani murɗa famfo. Naɗe bututun da ke tsakanin fanka da hasumiya da abin tare zafi, ko a yi masa rumfa, don baƙin ƙarfe a rana na mayar da abin da fanka ta cire. Wasu na fesa ruwa a kan fukafukai da rana. Yana aiki, amma ruwan burtsatse na barin farin dutse a jikinsu, bayan 'yan watanni na'urar ta fi da lalacewa. Idan dole ne, a yi da ruwan da aka cire wa gishiri.

Na biyu, busasshen gilikol mai shiga saman hasumiya. Ya kamata ya fi gas zafi da digiri 3 zuwa 8. Idan ya fi gas sanyi, sai ya sa mai mai nauyi da ke cikin gas ya zama ruwa a kan farantai, kumfa ta tashi. Wannan kan faru da asubahin hunturu, lokacin da fankar sanyaya gilikol ke aiki kamar da rana. Idan kuma ya yi zafi da yawa, asara ce ta gilikol da rashin bushewa.

Na uku, tukunya. Iyakarta digiri 204, wanda ke ba da gilikol mai tsarkin kusan kashi 98.5 zuwa 99 cikin ɗari. Ni nakan tsaya a 198 zuwa 202, domin tsakanin 204 da ƙonewa digiri biyu ne kacal, kuma ma'aunin da ya sha rana shekara da shekaru na iya yin ƙaryar fiye da haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne gas ya ƙi bushewa da rana, mai aiki ya ƙara wuta. Wani kuma ya ƙara gudun famfo har ƙarshe. Gilikol ya yi wa tukunya yawa, zafinta ya faɗi, ya koma hasumiya da ruwansa, abin ya ƙara lalacewa. Bushewar gas ba ta wuce bushewar gilikol ɗin da ya tarar a farantin sama. Maganin da ya dace shi ne busa ɗan busasshen gas cikin gilikol mai zafi yayin da yake barin tukunya, kubik mita 15 zuwa 75 a kan kowace kubik mita ta gilikol. Yana kai tsarki 99.5 har sama, ba tare da ƙarin digiri ko ɗaya ba. A bazara a buɗe shi tun hantsi, a rage da dare. Ka kuma tabbata mafitar tiriri ba ta toshe ba, don ɗan matsi kaɗan a kan tukunya na hana ruwa fita.

Na huɗu, saman bututun tiriri: digiri 100 zuwa 105. Ƙasa da haka ruwa na komawa tukunya, idan ya doshi 120 gilikol ne ke tashi sama.

8. Auna, kada ka yi zato

Auna raɓar gas ɗin fita a matsin layi, sau ɗaya da asuba, sau ɗaya a tsakiyar zafin rana. Da na'urar madubi, sanyaya a hankali, ka lura: raɓar ruwa farin hazo ce a tsakiyar madubi, ta mai kuwa sheƙi take yi mai launi-launi, tiririn gilikol kuma na shafa madubin ya ruɗe ka, don haka a sa masa matacinsa a layin ɗiban samfur. Na'urar lantarki da ke manne a layi na kaucewa da daɗewa, a riƙa gwada ta da ta hannu.

Ɗebi busasshe da jiƙaƙƙen gilikol a kai ɗakin gwaji a auna ruwansu ta hanyar Karl Fischer. A lita 25 kan kilo, bambancinsu kan faɗa tsakanin kashi 3 da 4. Ƙasa da 2, famfo na gudun banza ko gas na wucewa bai taɓa gilikol ba. Sama da 5 ko 6, gilikol ya yi kaɗan. Ma'aunin nauyin ruwa ba ya bambance 98 da 99, kada ka dogara da shi.

9. Kula da lafiyar gilikol

Zuba shi a kwalba ka ɗaga a haske. Mai lafiya garai yake, da ɗan ruwan ɗorawa. Baƙi na nufin tsatsar sulfa ko ɗanyen mai. Ƙaurin ƙonannen sukari na nufin tukunya ta wuce iyaka ko akwai gishiri a bututun wuta. Cika kwalba rabi, girgiza, ka ajiye: kumfar da ta kwanta cikin daƙiƙoƙi ba komai, wadda ta tsaya tana kallonka matsala ce. A na'ura za ka gane ta da rawar bambancin matsi a hasumiya da raguwar tankin ajiya ba tare da yoyo ba. Asarar da aka saba da ita wajen lita 13 ce a kan gas kubik mita miliyan ɗaya. Maganin kumfa na silikon ɗigo-ɗigo ake sa shi, don a samu sararin nemo sanadi, kuma idan ya yi yawa shi ma kumfa yake haifarwa.

pH ya zauna tsakanin 7 da 8, a auna bayan an gauraya samfurin da tsabtataccen ruwa daidai wa daida. Ya sauka ƙasa da 6, ƙarfe na ciwuwa. A ɗaga shi da borakis ko tirayetanolamin kaɗan-kaɗan, kada ya haura 8.5. Filtar zare a sauya ta idan bambancin matsinta ya kai bar 1 zuwa 1.5. Ta gawayi ba ta nuna gajiyarta a ma'auni, sai ka kwatanta launin abin da ya shiga da wanda ya fito. Tsohuwar filta mai baƙin gari a jefa ta cikin bokitin ruwa nan take, domin garin na iya kama wuta da kansa idan ya bushe a iska.

10. Kashewa

Rufe gas a hankali, kashe wuta, bar famfo na zagayawa har tukunya ta sauko ƙasa da digiri 100, sannan ka tsayar da shi ka sauke matsi sannu-sannu. Idan tsayuwar ta 'yan awoyi ce, bar matsi da zagayen, ka rage wuta kawai.

Idan wani abu ya rasa

Babu ɗakin gwaji kusa: riƙe ingantaccen ma'aunin zafi a tukunya da awon raɓa sau biyu a rana, ka tura samfur a rufaffiyar kwalba cike taf duk lokacin da mota ta samu. Babu naitirojin: ana kore iska da gas ɗin kansa a ƙaramin matsi, amma da rubutaccen izini, kuma ba wuta ko walda a kusa. Na'urar ta tsaya gaba ɗaya kuma dole gas ya wuce: a ɗura metanol kafin gas ya kai bawul ɗin da ke sauke matsi. Ba ya busar da gas, haidiret kawai yake hanawa, kuma guba ne. Layin da haidiret ya riga ya toshe, kada a sauke matsi ta gefe ɗaya, don toshiyar na iya fita kamar harsashi. Ta ɓangarorin biyu ake saukewa tare.

Ƙaramar rijiya a daji marar lantarki na iya wadatuwa da tanki cike da ƙwayoyin kalsiyam kulorayid, masu narkewa suna shan ruwa, a riƙa zubar da ruwan gishirin ana ƙara sabo. Inda kuwa za a sanyaya gas har digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa, kamar yadda jirgin Hilli Episeyo ya fara yi a gaɓar Kiribi a 2018, gilikol ba ya isa. Can tankuna biyu ko uku ake cikawa da ƙwayoyin ziyolait, ɗaya na tsotsa ɗaya ana gasa shi da gas mai zafin digiri 230 zuwa 290, har ruwan ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan. Sau da yawa ana sa na'urar gilikol a gabansu ta ɗauke mafi yawan ruwan, ziyolait ya ƙarasa ragowar.